Bebiya Ta Haye Da Tsoho

Mutanen bakin kogi ne suka sa wa jirgin suna Bebiya, don ba ta magana. Rufinta farantan sola ne, cikinta batir, injinta na lantarki bai fi kukan sauro ba. Da Auta mai fito ya kawo ta, an yi dariya har an gaji. Mahaifinsa ne kaɗai bai yi ba. Tsohon ya ƙarar da ƙarfinsa yana fito da injin fetur har kunnensa ɗaya ya mutu. Ranar da ya fara shiga Bebiya, sai da suka kai tsakiyar kogi ya buɗe baki.

"Ashe har yanzu ruwa yana magana," in ji shi.

Daga nan bai ƙara shiga wani jirgi ba. Ya kuma sha faɗa a gaban kowa cewa ranar da za a haye da shi maƙabarta, kusa da matarsa, a cikin Bebiya za a kai shi.

Tsohon ya cika da safe. An ce a jira babban ɗansa da ke kan hanya. Auta ya yini cikin gida wajen wanka da likkafani. Bai damu da jirgi ba. Jiya ta yi fito har yamma, batir ya yi ƙasa, amma ya bar ta a ɗaure ƙasan gida, inda rana ke dukan ta tun hantsi.

Da la'asar ya fito, ya tarar da mutane cike a bakin ruwa, zaune cikin inuwa mai faɗi. An ɗaura tamfol daga bishiya, an shimfiɗa shi a kan rufin Bebiya, an danne da duwatsu.

Ya shiga ya duba allurar batir. Tana kwance a ja.

"Wa ya sa wannan?"

"Ni ne," in ji Baffa, ƙanen mamacin. "Ko in bar mutane su soye a rana?"

"Baffa, da ranar take tafiya."

"To ina na san ta ka take cin abinci?"

Wasu suka murmusa, suka tuna inda suke, suka haɗiye. Auta ya yaye tamfol ɗin shi kaɗai, ya cire rigarsa ya goge farantan ɗaya bayan ɗaya. Rana ta riga ta karkata. Abin da za ta bayar yanzu bai taka kara ya karya ba.

Mai Inji, maƙwabcinsu da ke fito da jirgin fetur, ya matso. Sun daɗe suna ja-in-ja a kan fasinja, amma yau muryarsa a ƙasa take.

"Auta, tankina cike yake. Ko sisi ba na so."

"Na gode. Ya ce Bebiya."

"To in ɗaura mata igiya in ja ta. Ka ga a cikinta yake, magana ta ƙare."

"Ba katakon ya zaɓa ba. Shirun ya zaɓa."

Baffa ya buga sandarsa a ƙasa. "Kai yaro, gawa ba ta jira. Wanka ka yi masa da hannunka, ka san ba ya ji yanzu. In duhu ya same mu, a gida za ka kwana da shi?"

Gaskiya ce. Auta ya dubi kogin. Ruwa ya cika yana gudu, kuma Bebiya da nauyin batir ɗinta ba jirgin da filafili zai iya da ita ba ce. Idan ta mutu a tsakiya, ruwa zai wuce da su har duwatsu.

"A ba ni igiya doguwa," ya ce. "Da ƙarti."

Bayan an yi salla, aka sa makara a cikin Bebiya. Maza suka kama igiya suna jan ta ta gefen gaɓa, suna yin sama da ita, ƙafafunsu cikin laka, har suka wuce kwanar da ke gaban gari. Daga can ruwa da kansa zai kai ta ƙasa. Aikin inji kawai ya riƙa tura hancinta zuwa wancan gefe. Sauran jama'a, har da babban wansa, Auta ya ce su shiga jirgin Mai Inji su yi gaba.

"Mutum ɗaya nake so ya riƙe makara. Marar nauyi."

Kowa ya dubi Baffa, wanda tsufa ya bar shi ƙashi da fata.

"Yau ramata ta yi rana," in ji shi, ya shiga yana ƙunƙuni.

Auta ya murɗa wa injin wuta kaɗan, kaɗan ƙwarai. Bebiya ta saki gaɓa. Hayaniyar ɗaya jirgin ta yi nisa, ta isa, ta mutu. Sai ruwa yana lasar katako, da wani tsuntsu can cikin ciyawa. Baffa ya ɗora hannu a kan likkafani. Ƙunƙuninsa ya tsaya.

"Tun muna yara rabon da in ji wannan," ya ce, ba tare da ya ɗago ba.

Idon Auta na kan allura, hannunsa na ƙaiƙayin ya ƙara wuta, ya hana shi. Suka wuce tsakiya. Ya fara gane fuskokin da ke tsaye a gaɓa. Sai kukan sauron ya ɗauke.

Hancin Bebiya ya fara juyawa. Saura kamar jifa da dutse, ruwa ya soma tafiya da su a kaikaice. A gaɓa Mai Inji ya yi tsalle cikin jirginsa, ya cafki igiyar tayar da inji.

"Kul!" Baffa ya miƙe, muryarsa ta tsaga kogin. "Kada ka tayar! Ku ba ku da ƙafafu ne?"

Babban wan Auta ne ya fara faɗawa ruwa da rigarsa, sai Mai Inji, sai saura. Suka kama hannun juna, ruwa ya kai ƙirji, ya kai wuya. Auta ya wurga igiya, ta faɗi nesa. Ya janyo ta ya sake wurgawa, na ƙarshen layi ya cafe. Suka ja ta har gaɓa.

An rufe shi kusa da matarsa da sauran haske a sama.

Kowa ya koma gida a jirgin Mai Inji, har da Auta. Bebiya ba ta da abin dawowa. A can aka ɗaure ta, ƙasan maƙabarta, rufinta a buɗe, sai rana ta fito.