Kwalbar Baduku

"Malam, kada ka ɓata wandonka. Ƙyale shi, in ta sake shi zai tashi da kansa."

Mai shagon kayan masarufi ne ya faɗa mini haka, da ledar sukari a hannunsa. Dawowata ke nan daga makarantar da nake koyarwa, na tarar da maƙwabcina baduku a kwance a bakin shagonsa, rabin jikinsa a ciki, rabi a kan dakali. Kwalbar sifirit ta kife a gefensa, ta jiƙa masa gaban riga, warin ya cika layin. Mutane sun zagaye shi, kowa ya harɗe hannu. Ta fannin 'yan kallo dai Allah ya wadata unguwarmu.

"Tun yaushe yake nan?"

"Ai ya jima," in ji mai shago. "Yau kam ta yi masa yawa."

Na durƙusa. Bakinsa ya karkace gefe guda, yawu na zuba. Ya buɗe ido ya yi ƙoƙarin magana, harshen ya ƙi. Wata mata ta yi dariya a bayana.

"Kun ji ko? Har waƙa yake."

Shekara da shekaru katanga ɗaya ce tsakanina da mutumin nan, kuma na san abin da yake yi da kwalbar. Da sifirit yake goge maiƙon fata kafin ya yi mata rini, don rinin ya kama. Da shi yake tsinka rinin idan ya yi kauri. Da shi yake cire gam daga wuƙarsa da basillarsa. Wanda takalmi ya matse wa ƙafa, sai ya fesa masa a ciki ya ce ya saka ya taka, fatar ta saki. Rabin mutanen da ke tsaye a kansa sun taɓa kawo masa takalmi an yi musu haka, sun tafi suna godiya. Amma da yake yana wuce su da wari a riga, ga idonsa ja saboda ɗinki, tuni suka yanke masa hukunci. Shi kuwa ba mai surutu ba ne. Sau ɗaya na taɓa yi masa zancen, ya ce, "Malam, in tsaya wanke kaina ko in gama jakar mutane?"

Matarsa ba ta nan, ta je wurin 'yarsu da ta haihu. Na aika a kira ta, na nufi gidan ɗan kwangila, wanda shi kaɗai ke da mota a layin. Yana zaune a ƙofar gida, daga nan yana hango komai.

"Yallaɓai, a taimaka da mota. Ɓarin jikinsa ne ya shanye."

"Kai likita ne, Malam?"

"A'a. Ido gare ni."

"To ni ma hanci gare ni," in ji shi. "Jiya-jiya aka wanke kujerun. Ba zan ɗauki mashayi ya yi mini amai ba. Iyalina ke shiga motar nan."

"Sifirit ne na aiki. Ba a shansa. Wanda ya sha makancewa zai yi."

"Su ai sun san yadda suke sirka shi."

Belt ɗin da ke riƙe da cikinsa a lokacin, baduku ne ya ƙara masa huda biyu. Na so in tuna masa, sai na ga babu lokaci.

A amalanken mai sayar da ruwa muka ɗora shi, ni da mai amalanken, muka tura har bakin titi. Tasi ta farko ta tsaya, direban ya shaƙi iska, ya ja motarsa. Ta biyu ta ɗauke mu bayan na rantse masa da duk abin da na sani.

A asibiti, ma'aikaciyar jinya ta sunkuya kansa ta yamutsa fuska.

"Me ya sha?"

"Bai sha komai ba. Baduku ne."

Ta dube ni kamar na ce mata matuƙin jirgi ne, ta ce mu jira a benci. Muka jira. Da likita ya zo ya ɗaga masa hannu ya ga ya faɗi kamar tsumma, sai aka fara gudu. Ita dai ma'aikaciyar ce ta zo da auduga, ta tsiyaya ruwa daga wata kwalba, ta goge masa hannu kafin ta soka allura. Warin ya bugi hancina. Shi ne dai, babu bambanci. A nan sunansa tsafta.

Likita ya ja ni gefe ya ce jijiya ce ta toshe a kansa, kuma da an kawo shi da wuri da akwai abin yi. Ya tambaye ni me ya sa aka jinkirta. Na ce masa maƙwabta ne suka tsaya duba shi.

Matarsa ta iso da mayafi a karkace. Ta zauna ta riƙe hannun da ke motsi, wanda rini ya baƙanta wa farce, ba ta sake shi ba har ya cika washegari da hantsi.

Masu gaisuwa suka cika gidan, har da waɗanda suka harɗe hannu. Na faɗa musu abin da likita ya ce, suka girgiza kai suka ce ai daman abin yana taɓa jijiya. Ɗan kwangila ya zo da babbar riga, ya zauna a kujerar da ta fi kyau, ya ɗaga murya yadda za a ji daga ciki.

"Allah ya yafe masa abin da ya yi fama da shi. Kowa da jarrabawarsa."

Labule ya ɗaga. Matar ta fito ba takalmi, da kwalba cike a hannunta. Ta dire ta a gabansa har ruwan ya yi tsalle.

"Bismillah, Yallaɓai."

"Subhanallahi! Baiwar Allah, mene ne haka?"

"Abin da ya yi fama da shi ne. Ka ce abin sha ne, to kurɓa. Kurɓi ɗaya kawai, mu gani."

"Ki yi haƙuri, zafin rashi ne."

"Zafin rashi? Da wannan ya ciyar da ni, da shi ya aurar da 'yarsa. Ya kwanta a ƙasa kamar kare kuna kallo, kai kana gadin kujerar mota. Ka sha mana! Ko a kawo maka kofi?"

Ƙanwarta ta kama ta tana cewa, "Yaya, ya isa, mutane na kallo."

"Su kalla. Ai shi suka iya."

Ɗan kwangila ya tuna yana da wani uzuri. Sauran ma ɗaya bayan ɗaya uzurinsu ya taso. Zuwa yamma labari ya zagaye layin cewa matar ma ba lafiya take ba.

Bayan an watse da 'yan kwanaki aka yi ta ruwan sama. Wata safiya na ji ana buɗe ƙofar shagon. Na leƙa, na tarar da ita a kan kujerarsa. Jakunkunan da bai gama ba suna rataye, duk fumfuna ta yi musu fari-fari.

"Malam, riƙe mini nan."

Na riƙe bakin jakar da ta sauko da ita. Ta jiƙa tsumma da sifirit ta ja shi a hankali daga sama zuwa ƙasa. Ƙofar a wangale take, ba ta ce in tura ba. Inda tsumman ya bi, fatar ta yi duhu, ta ɗan yi sheƙi, sannan ta bushe.