Suna na Talatin da Ɗaya

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, Malama Puring ta faɗi a gindin famfo tana wanke shinkafa, ba ta sake tashi ba. Ina zaune a barandata da littafi na ji ƙarar tukunya a kan siminti. Sai da na ƙarasa shafin sannan na leƙa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauke ni mutumin kirki.

Shekara arba'in da ɗaya ta yi tana koyarwa a makarantar 'yan mata ta coci. Rabin matan unguwarmu ita ta koya musu lissafi da tsoron Allah, har da matata Adelfa. Jikokinta tara, ta san makin kowanne. Ni kuwa ɗalibin da ya ƙi gyaruwa ta ɗauke ni. Takan ari littattafaina, su dawo da jan biro a gefen shafi: "Wannan marubucin bai taɓa jinyar kowa ba."

Duk Oktoba mutum-mutumin Maryamu yakan zaga layinmu, ya kwana gida-gida, a taru a yi addu'ar carbi. Daga gidan Malama sai nawa. Shekara goma sha ɗaya, tun rasuwar Adelfa, takan tsaya a ƙofata rungume da shi.

"Eulogio, ka yi baƙuwa."

"Ba kujera, Malama."

"A tsaye take kwana, ai kana gani."

"Wata shida ina kiran ta a asibiti ba ta zo ba. Yanzu kuma ni ba na nan."

"Gyara kwalar rigarka," in ji ta, ta wuce gidan gaba.

Ga abin da ba ta sani ba. Kullum ƙarfe shida na yamma takan tara jikokinta a falo su yi addu'a, a ƙarshe ta jero sunayen matattunta da ka. Tagar falon tana kallon ta kicin ɗina. Suna hamsin da takwas ne. Adelfa ce ta talatin da ɗaya, bayan wani direban makaranta mai suna Crispin. A daidai lokacin nakan kasance a bakin taga ina wanke kofin da ba shi da datti. Ɗanmu da ke aikin jirgin ruwa "Mama" yake cewa a waya. Ni kuma sunan ya daina fita daga bakina tun ranar da aka rufe ta. A duk duniya, a bakin tsohuwar nan kaɗai ya rage.

Aka kafa rumfa a kan titi, aka ajiye akwatin gawar Malama a falo. Yammacin farko jikarta Marivic, ma'aikaciyar jinya, ta ja addu'ar. Da aka zo kan sunaye ta kawo na dangi, goma sha biyu, sannan ta ce, "Da duk waɗanda Kaka take ambata." Aka ce amin, aka fara raba kofi da biskit.

Washegari ma haka.

Rana ta uku na goge riga na tsallaka. Maza suna karta a rumfa.

"Ku tallafe rufin nan!" in ji Berting wanzami. "Farfesa zai shiga wurin addu'a."

"Ka tallafe katinka, Berting, tun ɗazu kowa ya haddace su."

Malama tana kwance cikin farin leshi, da tabaranta. An tsinke carbin da ke hannunta don kada mutuwa ta sake zagayowa gidan. Mutum-mutumin yana tsaye a kanta tun Talata, an rasa mai ɗaukar sa. Na tsaya jikin bango har Marivic ta kai na sha biyu.

"Saura," na ce.

Ta juyo. "Baba Eulogio, ba ta rubuta su ba. Mun duba ko'ina. Mu kuwa amin kawai muke cewa, hankalinmu yana kan abinci."

"Na sha uku Sista Amparo."

Na ci gaba. Malamai, ɗalibai biyu da kogi ya ci, mai gadi, wata mai sayar da busasshen kifi. Mutanen da ban taɓa gani ba, kowa a gurbinsa. 'Yan karta suka ajiye katinsu. Na ce Crispin, sai na tsaya. Fanka tana juyawa. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Muna jira, ɗana."

"Adelfa."

Bai fito da kyau ba, amma ya fito. Sauran ashirin da bakwai suka biyo da kansu.

Marivic tana share ido ta ce, "Baba, ta yaya ka san su?"

"Kakarki malamar makaranta ce. Ba ta iya magana a hankali ba."

Ran Asabar aka binne ta. Ran Lahadi da yamma Marivic ta tsaya a ƙofata rungume da mutum-mutumin. Na kwashe littattafai daga kan tebur. Ba wai na shirya da baƙuwar ba ne, har yanzu ba ma magana.

Ƙarfe shida na tsaya a bakin tagar kicin da kofi a hannu. Tagar falon Malama a rufe take, tukunyar shinkafar tana kife a gindin famfo, gefenta a lotse. Na jero su, hamsin da tara yanzu.

Sau goma sha ɗaya ta tsaya a ƙofata, kowane karo da amsar da na tanada. Wadda ban ba ta ba gajeriya ce: Malama, ina ji. Kullum ina ji.