Na Ɗari da Ashirin

Maiwada ya sake ƙirga kawunan da ke gabansa, ya sake samun abin da ya samu da farko. Shi ne na ɗari da goma sha tara. Ƙanensa Ya'u, da ke tsugune a bayansa yana tari, shi ne na ɗari da ashirin.

Tun hantsi aka tara mazan garin a ƙofar gidan dagaci, aka jera su layi ɗaya har gindin durumi. Sai da kowa ya tsuguna sannan dogarin da ya zo daga Makarfi ya faɗi abin da ke tafe da shi: gwamnati na neman mutane aikin kuza a ƙasar Jos, cikin kowane arba'in za a ɗauki ɗaya. Wai don kada a ce an yi son kai. To, madalla da adalci!

Ƙirgen arba'in kuwa ba a koya wa Maiwada shi. Mazarƙwaila yake dafawa, arba'in-arba'in yake jera ta a kwando kafin ya ɗora wa jaki zuwa kasuwar Hunkuyi. Arba'in, tamanin, ɗari da ashirin, ɗari da sittin, ko daga barci aka tashe shi zai faɗa. Yau dai ya so a ce bai iya ba.

Ya gaji. Kwana da kwanaki yana bin doki a wurin matse rake, hayaƙi ya cinye masa ido. Ga kuma wannan. Waɗanda aka ɗiba bara, ɗaya bai dawo ba, sauran sun ce sanyin can har ƙashi yake shiga. Mai lafiya ma yaya ya ƙare, balle Ya'u da ƙirjinsa ke kuka tun damina, ga matarsa Jamila ciki ya tsufa?

Ya juya ya ce wa Ya'u a hankali, “Dawo gabana, nan inuwa ta fi.”

“Haba Yaya, ni a gabanka?”

“Na ce ka dawo.”

Ya'u ya rarrafo gaba yana jin kunya. Maiwada ya tsuguna a gurbinsa, ya tuna rakensa da bai gama sara ba, da matarsa Lantana, da 'ya'ya huɗu. Tsoro ya kama shi, ba ƙarya.

Dogari ya ɗaga sanda. “Daga yanzu wanda ya sauya wuri, shi zan ɗauka.”

Ya fara taɓa kafaɗu yana ƙirgawa da ƙarfi. Arba'in ta faɗa kan mahaucin garin. Tamanin ta faɗa kan ɗan maƙeri, uwarsa ta rusa kuka daga bayan danga. Ba wanda ya ɗaga kai.

An kai ɗari da biyar sai ga Malam Gambo daga fadama, taɓo har gwiwa, ya makara. Dogari ya daka masa tsawa ya shiga layi. Dattijon ya nufi baya, ya zo wucewa ta gefen Ja'afaru, mijin 'yarsa, wanda ke ɗan gaba da su Maiwada. Ina Ja'afaru zai iya zama a gaban surukinsa? Ya sunkuyar da kai, ya ja da baya.

“Baba, bismillah.”

Dogari bai hana ba, shi ma yana da suruki. Kowa ya ɗan muskuta baya, aka ba dattijo wuri.

Maiwada ya sake ƙirgawa. Mutum ɗaya ya ƙaru. Ya'u ya koma na ɗari da ashirin.

“Ɗari da goma sha huɗu, sha biyar...”

Maiwada ya miƙe, ya zabga wa ƙanensa mari, irin wanda bai taɓa yi masa ba tun suna yara.

“Kai, marar kunya! Ka ga yadda 'ya'yan kirki ke yi wa manya, kai ka shige gaban yayanka ka baje? Haka uwarmu ta koya maka?”

Ya finciki wuyan rigarsa ya jefa shi baya. Dogari ya tsaya da sanda a sama, ya dubi wannan, ya dubi wancan, sai ya ƙyalƙyale da dariya.

“Ƙara masa! Yaran yanzu ba su da ta ido. Zauna a wurinka, Malam.”

Maiwada ya tsuguna. Hannunsa na zafi.

“Sha takwas, sha tara. Ɗari da ashirin. Tashi.”

Sandar ta sauka a kafaɗarsa. Ya'u, hannu a kunci, ya dubi sandar, ya dubi gurbin da aka fizge shi daga ciki, ƙasar ma ba ta goge sawunsa ba. Ya yunƙura zai tashi.

“Ranka ya daɗe, ai ni ne...”

“Ka sake buɗe baki in ƙara maka,” in ji Maiwada, bai ko waiwaya ba. Ya karkaɗe rigarsa, ya nufi inda mahauci da ɗan maƙeri ke tsaye. Ya yi taku kaɗan, ya tsaya.

“Doki na ɗaure a wurin matsa, tun safe bai sha ruwa ba. Ka je ka ba shi.”