Ba A Tsayawa Bayan Tudu

Ranar wata Asabar ce a farkon watan Yuni. An kwana ana yayyafi, da gari ya waye ruwan ya ɗauke, ya bar laima jefi-jefi a kan kwalta, ciyawar gefe kuwa sharkaf. Ebbe da yayarsa Tuva suka iso wani ƙaramin filin tsere a kan baburan da suke zuwa aiki da su. Yau ce ranar da ake buɗe filin ga kowa, mutum ya zo da babur ɗinsa na titi ya zagaya iya ƙarfin zuciyarsa. Tuva ta saba zuwa. Ebbe bai taɓa ba.

Ita ce ta fito da baƙin salatif ta liƙe masa fitila, sannan ta rufe madubansa biyu ruf.

"To da me zan gan ki, Yaya?"

"Ba kallona ka zo yi ba, auta. Na bayanka shi ke da aikin kauce maka. Kai dai ka ji da gabanka."

Kafin a fara, Baba Sixten, tsohon da ke kula da filin, ya tara su a gindin rumfa, kofin kofi a hannunsa. Ya bi tutocin gargaɗi ɗaya bayan ɗaya yana faɗin ma'anarsu. Da ya zo kan ja sai ya ajiye kofin. Ya ce in an ɗaga ta, wani ya faɗi ke nan: a rage gudu, a ɗaga hannu, a ƙarasa zagaye a fito. Ba a tsayawa. Akwai mai tuta a kowace kwana, akwai motar asibiti, aikinsu ne. Ya ce ko uwar mutum ce ta faɗi, ya wuce ta, ya gaishe ta anjima. Aka yi dariya. Ya ƙara da cewa musamman Bayan Tudu, inda hanya ke haurawa ta gangara hagu, mai tahowa ba ya ganin komai sai ya riga ya iso.

Ebbe bai yi dariya ba. Bara waccan Tuva ta zame da babur a hanyar daji, ta faɗa rami da karyayyiyar ƙafa. Motoci suka yi ta wucewa, ba wanda ya tsaya. Shi ne ya fita nemanta, shi ne ya hango hular kwanonta cikin ciyawa. Tun daga ranar, in suka fita tare, a bayanta yake tafiya, idonsa a kanta.

Yau kuwa ta ce shi ne a gaba. Tana so ta ga yadda yake shan kwana, don a cewarta yana karya babur kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Ya yi gardama, ta dungure masa hula ta ce ya wuce. A bayansu wani likitan haƙori mai suna Hampus ya ja layi da sabon jan babur, tun safe yake ba kowa labarin ƙarfin injinsa.

Aka sake su.

Filin ba shi da miƙaƙƙiyar hanya ta kirki. Kafin ka gama da kwanar dama, ta hagu ta iso. Ebbe ya riƙe kan babur har yatsunsa suka sandare, numfashinsa na rufe gilashin hula. Idonsa ya yi ta kaiwa madubi yana dawowa da baƙin salatif. Sai ya koma bin Tuva da kunne. Salansarta na da wani tari da take yi in an saki totur, ya san shi cikin dubu. Kowace kwana, in ya taka birki, sai ya ji tarin a bayansa. Tana nan. Kafaɗunsa suka fara sauka, har ya soma kwantar da babur yadda bai taɓa yi ba.

Bayan 'yan zagaye wata ƙara ta shigo ta danne tarin. Hampus ne ya matso. Ebbe ya kasa kunne, bai iya raba sautin biyu ba.

Yana cikin haura tudun ya ji wani abu a bayansa. Ƙarfe ne ke gurzar kwalta, doguwar ƙara mai sa haƙori tsami, sannan wani abu ya daki tayoyin da aka jera a gefe. Sai shiru.

Ya riga ya tsallaka tudun. Can ƙasa mai tuta ta ɗaga ja. Ya ɗaga hannun hagu kamar yadda aka ce. Ya saurara. Ba tari. Ba komai sai injinsa. Fita daga filin na can nesa, sai ya zagaye kusan duka kwanonin, shi kuwa abin da yake gani a ransa hula ce cikin ciyawa. Ya san abin da tsohon ya faɗa, kalma kalma. Hannunsa na dama ya matse birki.

Ya tsaya a bakin kwalta, a ƙasan gangaren, ya sa ƙafa a ƙasa ya waiwaya. Mai tutar na ta yi masa ihu, tana nuni da hannu ya wuce.

Sai ga tarin. Tuva ta ɓullo kan tudun, lafiyarta ƙalau, ta kauce wa Hampus da ya sha gabanta ya faɗi. Zuciyar Ebbe ta yi fari fat. Amma Tuva ba ta kai ga ganin tutar ba tukuna, babur ɗinta a kwance yake yana bin hanyar da kowa ke bi, hanyar da ke fita daidai bakin kwaltar nan inda ya tsaya. Ya ga kanta ya ɗago. Ya ga ta miƙar da babur da ƙarfi, ta wuce shi har iskarta ta bugi gwiwarsa, ta hau jiƙaƙƙiyar ciyawa. Tayar gaba ta zame nan take.

Ya yar da babur ɗinsa ya ruga. Tana kwance rigingine, hannun dama a murɗe, idonta biyu. Ya durƙusa yana kiran sunanta.

"Me ya same ka ka tsaya?" ta ce da ƙyar.

"Na ɗauka ke ce."

Ta lumshe ido. "To yanzu ni ce."

Motar asibiti ta iso, aka janye shi gefe. Hampus na zaune kan tayoyi yana duba gwiwar rigarsa ta fata, ko ƙwarzane bai yi ba. Baba Sixten ya zo da kansa, bai ɗaga murya ba. Ya ɓanɓare takardar shiga daga gaban babur ɗin Ebbe, ya ce ya tura shi waje da ƙafa.

Abin da aka rasa ranar: ƙashin kafaɗar Tuva da wuyan hannunta, aikin kafintar da ta kama na 'yan watannin nan, babur ɗinta da ba ya gyaruwa, hula ɗaya, madubi ɗaya na Ebbe da salatif ɗinsa a jiki. Ba ta ƙara yarda ta bi bayansa ba.