Irin Gyaɗar Inna Hajo

Malama Munawwara, mai koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare kusa da Jajaye, ba ta taɓa leƙa ajin fasaha ba, alhali bango ɗaya ne tsakani. A ganinta Malam Barau kafinta ne kawai aka damƙa wa alli. Shi kuwa bawan Allah, daga gaisuwa sai ya koma ga zartonsa.

Bana damina ta ƙi ɗaukewa da wuri, gyaɗa ta ƙi bushewa. Sai Malama ta ce ga ranar da 'yan aji biyu za su ga darasin zafi da idonsu. Ta sa suka harhaɗa akwatin katako, suka shafe cikinsa da baƙin fenti, suka rufe da farar leda, suka toshe kowace kafa don kada zafi ya tsere. Gyaɗar gwajin kuwa ta maƙwabciyarta ce, Inna Hajo, tsohuwa mai gona ɗaya tal. Kwano shida, kuma shi ne irin da za ta shuka baɗi. Malama ta ce ta kwantar da hankalinta.

Ranar Litinin aka tarar leda ta yi gumi sharkaf, gyaɗar sama ta soma fumfuna. To, girman kai dai ba ya busar da gyaɗa. Malama ta taka har ƙofar Malam Barau ta yi sallama.

Ya zo ya duba. Ya huda akwatin ta ƙasa, ya huda ta sama, ya ce haka mahaifinsa yake bar wa rumbu wurin shan iska. Sannan ya tambaye ta, tsakani da Allah, me ya sa hakan ke aiki, don shekara talatin yana yi bai san dalili ba.

Iska mai zafi sama take yi, ta tafi da danshi. Malama da hannunta ta rubuta wa yaran nan haka a allo makon jiya. Kunya ta rufe ta.

"Malam, gobe ka shigo ajina da kayan aikinka."

"In ke ma za ki zo nawa da allinki."

Bayan 'yan kwanaki, kwano huɗu ne suka tsira. Da la'asar Malama ta kai wa Inna Hajo, ta faɗa mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Tsohuwa ta ɗebi gyaɗar, ta girgiza a gefen kunne, ta daɗe tana saurare.

"Ta bushe, 'yar nan. Sai dai baɗi gefen gabas na gonar zai zauna haka nan ba shuka."