Malafar Don Froilán

"Ku sake ni! Shekara arba'in ina hawan dutsen nan da bargo ɗaya, yau za ku naɗe ni kamar jariri?"

Babu wanda ya saurari tsoho Don Froilán. Doña Ercilia, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidanta da nasa, ta ci gaba da cusa masa hannu cikin rigar sanyin marigayi mijinta. Sauran matan layin sun cika ƙofa, wannan da safa, waccan da butar shayi.

Ercilia ce ta jawo wannan hidima. Ita ce mai girki a masaukin baƙi masu zamiya a kan dusar ƙanƙara, waɗanda jirgi mai saukar ungulu ke kaiwa ƙololuwar dutse su sulalo ƙasa. A tashin ƙarshe na shekara, in kujera ta rage, ma'aikata kan jefa ƙuri'a. Shekara tara tana sa suna, sai bana ta faɗo kanta. Ta yi murna har da rawa a ɗakin girki. Amma da safe ta leƙa katanga, ta ga tsohon zaune gefen alfadarinsa, ya ƙura wa dutsen ido kamar kullum. Shekara shida ke nan gwiwa ta hana shi zuwa Tafkin Agwagi, inda ya yi kiwo tun yana saurayi, kuma ya ishi kowa da cewa ba zai mutu bai sake ganinsa ba. Sai kawai ta ce, "Maƙwabci, kai za ka hau."

Layin gaba ɗaya ya raka shi filin ƙwallo, inda jan jirgin ke jira da baƙi huɗu.

Nibaldo mai kanti ya ɗaga murya. "Don Froilán, wannan alfadarin fa ba ya jin bulala!"

"Ko ba komai ya fi ka hankali."

"Kar dai ka yi wa Turawa amai!"

"In ya taso zan riƙe shi, sai mun zo saitin kantinka."

Aka bushe da dariya. Matuƙin jirgin ya matso ya nuna kan tsohon. "Kaka, malafar nan ba za ta je ba. Iska za ta kai ta Ajantina."

To, malafar nan ko a coci sai da faɗa yake cire ta. Ya tsuke baki, sannan ya cire. Sai ga sanƙo fari tas, yana ƙyalli.

"Ashe abin da ake ɓoye mana ke nan!" in ji Nibaldo.

Tsohon ya miƙa wa Ercilia. "Riƙe mini, maƙwabciya. Kar ki ajiye ta a ƙasa."

"Kai dai ka dubo mini ko tafkin yana nan."

"Har agwagin zan ƙirgo miki. Ƙarfe biyu ku fito, zan sa yaron nan ya bi ta kan layinmu."

Jirgin ya tashi, ƙura ta turnuƙe, mata suka dafe siket suna ihu. Ercilia ta hango sanƙon a taga, bakinsa har kunne. Daɗi ya cika ta, ta ji kamar ita ce a sama.

Kafin biyu an fito da teburori bakin titi. Ercilia ta sauke tukunyar miyar kaza da masara, ta rataya malafar a wuya ta igiyarta. Kowa ya riƙe murfin tukunya da cokali. Biyu ta yi, uku ta wuce.

"Ya hana su tafiya," in ji Nibaldo. "Yana can yana gaisawa da agwagi ɗaya bayan ɗaya."

Sai ga rugugi. Layin ya kaure da kiɗan murafu da shewa, Nibaldo ya haye kujera yana kaɗa tawul. Ercilia ma tana ta buga nata, har jirgin ya zo saitin kansu. Kore ne, ba ja ba. Kuma daga birni ya fito, dutsen ya nufa. Cokalinta ya tsaya, na sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya.

Rana na gab da faɗuwa ɗan sanda ya iso, hularsa a hannu. Ya ce an sauke baƙin lafiya a ƙololuwa, daga baya iska ta maka jirgin da dutse. Matuƙin da Don Froilán, babu wanda ya yi rai.

Kuka ya ɓarke. Ercilia ta dubi malafar da ke wuyanta. Kujerarta ce, da bakinta ta ba shi, da hannunta ta sa masa riga. Ta kama hannun ɗan sandan.

"Ɗana, gaya mini gaskiya. Kafin tafkin ne, ko bayansa?"

"Wane tafki, uwa?"

"Tafkin Agwagi! Ya kai?"

Ya buɗe ɗan littafinsa ya duba. "Baƙin sun ce daga sama sun ga jirgin ya zagaya tafki sau biyu, ƙasa-ƙasa. Ya juyo gida ne abin ya faru."

"Sau biyu," ta ce. Ta saki hannunsa.

Ta bar teburorin da miyar da ta huce, ta shiga gida ta zauna jikin katanga, malafar a kan cinyarta. Can sai alfadarin ya zuro kai ta saman katangar, ya sunkuyo yana shinshinar malafar. Ta ɗaga masa ita kaɗan don ya kai.