Kuku Ɗanɗanawa Yake

A gidan nan mai kallon teku na unguwar Abhur, can ƙasar Larabawa, kowa ya san Baturen gidan mashayi ne, kuma babu mai yawan faɗar haka kamar kukunsa, Na'ibi. Ba sunansa na yanka ba ne. Ma'aikatan layin ne suka laƙaba masa, don shi ke jan su salla a bayan gareji, direbobi da masu gadi da Rafi'u mai ban ruwan fulawa. Mutum ne mai son girmansa, kuma tsayuwar nan a gaban sahu ta fi masa albashinsa daraja nesa ba kusa ba.

Kullum in rana ta kusa faɗawa ruwa, Baturen zai zauna a baranda, Na'ibi ya kai masa kofi guda na sadiƙi, giyar nan da ake dafawa a ɓoye, fara tas kamar ruwan sha. Kofi guda ne, ba ƙari. Sai Na'ibi ya koma kicin yana girgiza kai.

"Miskin," yakan ce wa Rafi'u. "Abin nan ya gama kama shi. Ko kwana ɗaya ba zai iya yi babu shi ba."

Abin da malam Na'ibi bai faɗa ba shi ne, kuku ba ya kai wa maigida abin da bai ɗanɗana ba. Da fari a cokali ne, don ya ji ko lemon tsami ya yi daidai. A hankali cokali ya koma ludayi. Wata rana ɗan kaɗan, wata rana kuwa sai ya ƙara wa kwalba ruwa don kada a ga ta sauka. Shi dai a ganinsa ba sha yake ba, mai sha ai shi ne mai zama da kofi a hannu. Sai ya kuskure baki, ya tauna kanumfari, ya yi alwala, ya shige gaba abinsa.

Ana nan sai aka kama mai dafawar, kaya ya yanke ƙaf. Na'ibi ya kai wa Baturen labari yana jiran ya sha kallo. Mutumin ya ɗan yi tsaki, ya ce da guntun Larabcinsa, "Halas, shi ke nan. Kawo shayi." Ya sha shayinsa a kujerarsa yana kallon teku, washegari ma haka. Ashe sabo ne kawai, da son zaman barandar.

Na'ibi ne barci ya ƙaurace wa. Wuƙa ta fara rawa a hannunsa, zufa na keto masa ba dalili, ya yi wa Rafi'u tsawa a kan tiyo. Ya ce zazzaɓi ne. Har tsofaffin kwalabe ya tono, yana kifa su a harshe ko ɗigo zai sauko.

Ran Alhamis da magariba ya kai tawul banɗakin maigida, ya ga kwalbar turaren aski. Ya taɓa jin wasu a unguwar Kurayyat na shan irinsa don su bugu, har ya yi musu Allah wadai. Bai san sa'ad da murfin ya zo hannunsa ba.

"Yalla, Malam!" Rafi'u ne daga waje. "An tada sahu, kai ake jira!"

Tsoro ya kama shi, ba irin na 'yan sanda ko na rashin iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ba, tsoron kansa. Da ƙyar ya mayar da murfin. Da ya fito, mutane suka dare masa hanya. Bai bi ba, ya je ƙarshen sahu ya tsaya kusa da mai gadi.

"Rafi'u, shiga gaba."

"Ni, Malam? Ai gajerun surori kaɗai na riƙe."

"Sun isa. Shiga."

"Yau kaɗai dai ko?"

Na'ibi ya cusa hannuwansa cikin riga don kada a ga rawarsu.

"Ka dai shiga," ya ce. "Gobe ma kada ku jira ni."